Falanki Nawa Dandamali Yake Ci? Lissafin Da Na Yi Kuskurensa Da Yadda Na Gyara

Lokacin da na yi niyyar kafa dandamalin katako a bayan gida, na ɗauka cewa sanin yawan falankan da zan saya shi ne mafi sauƙin abin da ke cikin aikin gaba ɗaya. Filin da na ware tsawonsa mita 4.2 ne, faɗinsa kuma mita 3, wato murabba'in mita 12.6. Falankan da na zaɓa tsawon kowanne mita 3.6 ne, faɗinsa milimita 140, don haka kowanne zai rufe murabba'in mita 0.504. Da na raba 12.6 da 0.504 sai amsa ta fito 25 cif, babu ko ɗigo a kai, kuma wannan fitowar da ta yi daidai ita ce ta ƙara yaudarata, domin mutum yakan yarda da lissafin da ya ƙare ba tare da saura ba. Na sayi 25, aka fara aiki, muna kammala layi na 19 katako ya ƙare, alhali saura layi biyu, ga kuma tarin guntaye a gefe waɗanda babu wanda ya isa ya cike gurbin da ya rage.

Dattijon kafintan da ke taya ni aikin bai yi mamaki ba. Ya dubi takardar da na yi lissafin a kai, ya ce, "Malam, kai fili ka auna, ba katako ba. Da fenti za ka shafa, da lissafinka ya yi." Na daɗe ina juya wannan maganar, kuma yanzu na yarda cewa a cikinta dukkan matsalar take. Fenti yana bin duk inda aka kai shi, abin da ya rage a wannan kusurwa ana iya shafa shi a waccan. Falanki kuwa yana zuwa ne da tsawonsa da aka riga aka yanke, kuma ba ya ƙarewa a inda mutum ya ga dama, dole ne bakinsa ya sauka a kan ɗaya daga cikin katakan ƙasa waɗanda suke ɗauke da shimfiɗar. Saboda haka girman fili yana ba wa mutum kiyasin katakon da zai iya shiga aikin ne kawai, ba yawan da zai saya ba.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba tambayar gida biyu: layi nawa za a shimfiɗa, sannan kowane layi falanki nawa zai ci. Ta farkon ta fi sauƙi, amma ita ma tana da nata tarkon. Abu na farko shi ne faɗin falanki na gaskiya, wanda sau da yawa ba shi ne wanda ake kiransa da shi ba. A tsarin awon da ake amfani da shi a Amurka da Kanada, katakon da ake kira biyu sau shida, kaurinsa na zahiri inci 1.5 ne, faɗinsa kuma inci 5.5, domin sunan yana nuni ne ga girmansa kafin a busar da shi a goge shi. Inci 6 kusan milimita 152 ne, inci 5.5 kuwa kusan 140, wato bambancin milimita 12 a kowane falanki. A ido ba wani abu ba ne, amma idan za a jera falankai a kan mita 4.2 da tazarar milimita 5 a tsakaninsu, wanda ya yi lissafi da sunan zai samu layi 27, wanda ya yi da awo na gaskiya kuma zai samu 29. Don haka kafin a rubuta komai a takarda, ya kamata a ɗora tef a kan falankin da za a saya, kuma ba guda ɗaya ba, a auna uku ko huɗu daga wurare daban-daban a cikin tarin, saboda katakon da aka tsaga a lokuta daban yakan sha bamban da milimita biyu ko uku.

Abu na biyu shi ne tazarar da ake bari tsakanin falanki da falanki domin ruwa ya zube, iska ta ratsa, katakon kuma ya samu wurin kumbura. Yawanci takan kama daga milimita 3 zuwa 6. Idan muka ɗauki milimita 5, kowane layi zai cinye milimita 145 ke nan, ba 140 ba. Akwai wata 'yar dabara a nan wadda take da amfani: yawan tazara kullum yana ƙasa da yawan falankai da ɗaya, tun da falanki na ƙarshe ba ya buƙatar tazara a bayansa. Saboda haka sai a ƙara tazara ɗaya a kan faɗin filin kafin a raba. A nawa dandamalin, milimita 3,000 da 5 sun zama 3,005, idan aka raba da 145 sai a samu 20.7, wanda ke nufin layi 21, domin a wannan lissafin kullum sama ake cikawa, ba a taɓa ragewa ƙasa. Layi 21 da tazara 20 sun kai milimita 3,040, wato akwai rarar milimita 40, kuma mutum yana da zaɓi: ko ya tsaga falanki na ƙarshe ya mai da shi milimita 100, ko ya bar rarar ta leƙo ta bakin dandamalin, abin da dama ake so domin ruwa ya ɗiga nesa da katakon gefe.

A nan ne na gano dalilin da ya sa lissafin fili yake daɗewa yana yaudarar mutane ba tare da an kama shi ba. Kurakurai biyu ne a cikinsa, kuma suna jan juna ta fuskoki biyu. Mantawa da tazara yana sa a ƙirga katako fiye da abin da ake buƙata, mantawa da asarar yanka kuma yana sa a ƙirga ƙasa da abin da ake buƙata. A wasu dandamalan kuskuren farko yakan rufe na biyu, mutum ya gama aiki lafiya ya ɗauka hanyarsa daidai ce, har ya koya wa wani. A nawa bai rufe ba.

Tambaya ta biyu, wato falanki nawa kowane layi zai ci, ita ce wurin da ake asarar kuɗi, kuma ba za a iya amsa ta ba sai an san inda katakan ƙasa za su zauna. Tazarar da aka fi amfani da ita tsakaninsu ita ce santimita 40 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, ko inci 16 ga masu awo da inci. Wannan yana nufin cewa duk inda za a haɗa falanki biyu a layi ɗaya, dole ne mahaɗar ta faɗo a kan mita 0.4, ko 0.8, ko 1.2, haka har zuwa ƙarshe. Layina mita 4.2 ne, falankina mita 3.6, saura santimita 60 a kowane layi. A takarda abin yana da sauƙi: a shimfiɗa falanki 21 cikakku, a yanka wasu biyar a fitar da guntaye 21 masu santimita 60, an gama da 26. Na ce biyar ba huɗu ba saboda falanki mai mita 3.6 ba ya ba da guntaye shida masu santimita 60, tun da bakin zarto yana cin kusan milimita 3 a kowane yanka, kuma sau da yawa bakin falankin kansa yana buƙatar a daidaita shi. To amma wanda ya bi wannan hanyar zai tarar cewa dukkan mahaɗansa sun jeru a kan katakon ƙasa guda ɗaya, kamar ɗinki a tsakiyar riga. Ba shi da kyan gani, kuma ba shi da kyau ga ginin, domin katakon nan guda ɗaya zai sha sukuru huɗu a kowane layi, ruwa kuma zai riƙa taruwa a kansa ta bakunan falankan, inda katako ya fi shan ruwa.

Abin da ake yi shi ne a warwatsa mahaɗan, ta yadda na layukan da ke maƙwabtaka da juna ba za su zauna a kan katakon ƙasa ɗaya ba. Da zarar an fara haka, guntaye sun fara fitowa. Layin da aka haɗa a mita 2 yana buƙatar yanki mai mita 2 da mai mita 2.2, wanda zai bar guntu mai 1.6 da mai 1.4. Guntun 1.6 zai iya fara wani layi, amma abokinsa zai zama mita 2.6, wanda shi kuma zai bar guntu mai mita ɗaya, kuma wannan ɗin wurinsa ɗaya ne kacal, wato ƙarshen layin da aka haɗa a mita 3.2. Wanda ya zauna da takarda ya tsara wannan kafin ya taɓa zarto zai iya sa yawancin guntayen su samu gurbi. Ni ban yi haka ba, ina yanka ne ina tafiya, kuma shi ya sa mita 90 na katako suka rufe mini mita 79.8 kawai. Akwai kuma wata ƙa'ida da kafintoci suke bi wadda take ƙara taƙaita amfanin guntaye: ba a son yanki ya zama gajere har ya kwanta a kan katakan ƙasa biyu kacal, an fi son ya taɓa uku, domin ya zauna daram kada ya riƙa motsi idan an taka shi.

Daga ƙarshe na ƙaro falanki uku, jimla ta zama 28, wato mita 100.8. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne lissafin da na yi bayan an gama. A wurin da na sayi katakon akwai falankai masu mita 4.8, waɗanda na ƙi saboda ina ganin zan yi asarar santimita 60 a kowanne. Falanki 21 masu mita 4.8 jimlarsu mita 100.8 ce, daidai da abin da na ƙare da saya, kuma da su na ɗauka da babu mahaɗa ko ɗaya a dandamalin, guntayen da za su rage kuma duk tsawonsu ɗaya, waɗanda za su yi amfani a matakala ko a matsayin tokare tsakanin katakan ƙasa. Asarar da ake gani tun farko ta fi wadda take ɓoye sauƙin sha'ani, domin ita ana iya yi mata tanadin wurin da za ta shiga.

Akwai ma hanya ta uku wadda ban ko yi tunaninta ba, ita ce a juya falankan su bi gajeren gefe. Idan falankan suka kwanta ta ɓangaren mita 3, layukan za su jeru a kan mita 4.2: milimita 4,205 a raba da 145, amsa 29 daidai. Falanki 29 masu mita 3, jimla mita 87, babu mahaɗa, babu tsagawa, kusan babu asara. Sharaɗi ɗaya ne kawai, a rage santimita huɗu ko biyar daga faɗin ginin ƙasa, wato katakan da ke ɗauke da shimfiɗar, domin a samu abin da za a daidaita bakunan falankan da shi. Wannan ne ya koya mini cewa girman dandamali bai kamata a tsayar da shi ba kafin a san tsawon katakon da ake samu. Tsawon da aka fi samu a awon mita su ne 2.4 da 3 da 3.6 da 4.2 da 4.8, a awon ƙafa kuma 8 da 10 da 12 da 14 da 16, wani lokaci har 20. Mutumin da ya ce lallai sai dandamalinsa ya kai mita 3.7 ya jawo wa kansa sayen falanki mai 4.2 saboda santimita goma kawai.

Sai dai juya falankai ba kyauta ba ne, domin katakan ƙasa su ma dole su juya, tun da kullum gicciye suke da falankan. A tsarin farko ana jera su a kan mita 4.2: idan aka raba da 0.4 ana samun 10.5, wato gurbi 11, kuma tun da kowane gefe yana buƙatar nasa, katako 12 ke nan masu mita 3. Wannan ƙarin ɗaya shi ma wuri ne da ake yawan mantawa. A tsari na biyu ana jera su a kan mita 3, gurbi 8, katako 9 masu mita 4.2. Jimlar tsawon ba ta bambanta sosai ba, mita 36 da mita 37.8, amma katakon da zai yi tafiyar mita 4.2 yana buƙatar ko dai ya fi zurfi ko kuma a sa masa ginshiƙi a tsakiya, kuma wannan kuɗi ne da zai iya cinye ribar da aka samu a falankai. Ba zan ce wani tsari ya fi wani a kowane hali ba, abin da nake cewa shi ne a lissafa dukkansu kafin a zaɓa.

Batun tazara yana da wani ɓangare da ya shafi danshin katako. Katako yana fara ƙanƙancewa ne idan danshinsa ya sauko ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100, kuma ƙanƙancewar ta faɗi ce, ta tsawo ba ta kai a lura da ita ba. Falankin da aka jiƙa da maganin hana ruɓewa yakan zo da nauyi da laima, kuma zai iya rasa milimita kaɗan a faɗinsa bayan ya bushe. Irin wannan ana shimfiɗa shi kusan a manne, tazarar ta buɗe da kanta daga baya, wanda ke nufin cewa a ranar aiki kowane layi faɗin falankin kawai zai ci. A kan mita 4.2, wannan layi 30 ne maimakon 29. Busasshen katako kuwa dole ne a ba shi cikakkiyar tazara tun farko, in ba haka ba idan ya sha ruwa zai kumbura ya matse ɗan'uwansa har ya ɗago. Falankan da ake haɗawa da garin katako da roba nasu halin daban ne, zafi ne yake miƙar da su ta tsawo, don haka su har a mahaɗa ana bar musu tazara, kuma a kansu abin da kamfanin da ya ƙera su ya rubuta shi ake bi.

Wanda yake son shimfiɗa a karkace, wato falankan su bi kusurwar digiri 45, ya san cewa ya shiga wani lissafin daban. Tafiyar da falanki zai yi tsakanin katakan ƙasa biyu takan ƙaru da kusan kashi 41 cikin 100, ta yadda santimita 40 za ta koma kusan 57, shi ya sa ake matso da su zuwa santimita 30, wanda ke ba da kusan 42 a karkace. Layukan kuma tsawonsu ya bambanta, mafi tsawo a dandamali mai faɗin mita 3 ya haura mita 4.2 tun kafin a ƙara abin da yankan kusurwa zai ci. Ƙarin da aka saba sawa a irin wannan shi ne kusan kashi 15 cikin 100, alhali a miƙaƙƙiyar shimfiɗa kashi 5 zuwa 10 ake sawa. Ni dai ina ɗaukar waɗannan kason a matsayin abin duba lissafi ne kawai. Idan tsarin yanka na takarda ya nuna asarar da ta zarce su da yawa, alama ce cewa tsawon falankin da aka zaɓa bai dace da girman dandamalin ba.

Sauran ƙananan abubuwan ba su da wuya, mantuwa ce kawai matsalarsu. Kowane taki na matakala yakan ci falanki biyu masu milimita 140 a jere. Katakon da ake rufe gefen dandamali da shi ana lissafa shi ne da kewayen ɓangarorin da ake gani. Dandamalin da ke da lungu ana raba shi zuwa sassa masu kusurwa huɗu a lissafa kowanne daban. Sukuru kuma biyu ne a duk inda falanki ya gitta katakon ƙasa, don haka layi 21 sau 12 sau 2 sun ba da 504, sai ƙarin biyu a kowace mahaɗa, tsarin layi 29 kuma 522.

Duk wannan lissafin ya dogara ne a kan cewa ginin ƙasa yana da kusurwoyi madaidaita. Hanyar tabbatarwa ita ce a auna daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a gicciye ta ɓangarorin biyu, su fito daidai da juna. A fili mai mita 4.2 da mita 3, kowanne ya kamata ya zama kusan mita 5.16. Idan suka sha bamban, falanki na ƙarshe zai fito da faɗi a wani gefe, siriri a ɗaya gefen, kuma idan an yi rashin sa'a sai an ƙara layi guda don cike wani siririn gurbi.

Bayan an samu adadin ƙarshe daga takarda, ina ƙara falanki biyu a dandamali mai irin wannan girman, ba don asarar yanka ba, tun da an riga an lissafa ta, sai don aibin katakon kansa. A cikin falanki talatin da wuya a rasa wanda ya lanƙwashe, ko wanda bakinsa ya tsage, ko mai ƙulli a daidai wurin da sukuru zai shiga. Akwai kuma dalilin launi. Falankai ukun da na ƙaro daga wani tari suka fito, kuma har yau layuka biyun ƙarshe na dandamalina ba su saje da sauran ba, duk da cewa rana da ruwa sun ɗan kusanto da su.

Dabara ta ƙarshe da dattijon ya nuna mini ta shafi lokacin shimfiɗa ne. Idan saura layi biyar ko shida, sai a tsaya a auna abin da ya rage ta gefen dama da ta gefen hagu, a raba shi da yawan layukan da suka saura. Idan akwai rara ko giɓi na milimita kaɗan, ana iya ɓatar da shi a cikin tazarar da ta rage, domin ido ba ya gane bambancin milimita ɗaya. A dandamali mai tazara 28, ƙara milimita ɗaya a kowacce tun daga layin farko yana ba da milimita 28, wanda sau da yawa ya isa ya hana a tsaga falanki na ƙarshe.